Tankaɗe da Rairaya Kafin Shela: Rubuta Rariyar Hanyoyin Intanet Sau Ɗaya

Gabatarwa

A dogon hutun shekarar 2024 na je wurin kawuna da ke zaune a yankin Zungur, cikin ƙaramar hukumar Bauchi. Duk ɗalibin Hausa da ya ji wannan suna, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne Malam Sa'adu Zungur da waƙoƙinsa, ni ma da niyyar neman tsofaffin da suka san tarihinsa na tafi. Sai dai abin da na dawo da shi daban ne. Wani maƙwabcin kawuna injiniya ne, yana da ɗan ƙaramin kamfani a cikin gari mai sayar wa makarantu da shagunan kafe da wasu ofisoshi intanet. Da ya ji Hausa nake karantawa a jami'a, sai ya ce yana da aikin da ya dace da ni. Yana da yara uku da yake koya wa sana'a, yana son a rubuta masu sharhi da Hausa a gefen layukan fayil ɗin da ke sarrafa rautarsa, domin su daina haddar abin da ba su fahimta ba.

Na ce masa, "Yallaɓai, ni fa Hausar ma koyonta na yi, Sayanci muke yi a gida. Kwamfuta kuwa iyakacina buga takarda." Ya ce, "Ai shi ya sa nake son ka, ɗan kawu. Wanda ya koyi harshe da wahala shi ya san inda mai koyo yake tuntuɓe."

Makonni biyar na yi a wurinsa. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan abu ɗaya daga cikin abubuwan da na koya, wato yadda ake rubuta dokar da ke tace hanyoyin da rauta take shelantawa ga maƙwabtanta, da dalilin da ya sa ya kamata a rubuta ta sau ɗaya tak a riƙa kiran ta, maimakon a yi ta kwafa. Kalmomin fannu da mai karatu zai ci karo da su, yawancinsu mu muka ƙirƙira a shagon, don haka ƙofar gyara a buɗe take.

Yadda labarin hanya yake yawo

Intanet ba gida ɗaya ba ce. Gidaje ne masu cin gashin kansu sama da 70,000, kowanne da lambarsa: kamfanonin waya, bankuna, jami'o'i, da ƙananan kamfanoni irin na maigidana. A nahiyarmu hukumar AFRINIC da ke tsibirin Murishiyos ce take raba waɗannan lambobi da adireshi tun shekarar 2005. Kowane gida yana da rukunin adireshinsa, alal misali 192.0.2.0/24, wanda ke nufin duk adireshin da ya fara da 192.0.2 na wannan gida ne. Abin da ya ba ni dariya shi ne, kalmar Turancin da injiniyoyi suke kiran wannan rukuni da ita, ita ce wadda mu a ilimin ƙirar kalma muke cewa ɗafa-goshi. Kuma sunan ya dace, tun da goshin adireshin ne ake dubawa a san inda za a tura saƙo.

Gidajen nan suna sanar da juna hanya ta wata ƙa'ida mai suna BGP, wadda Kirk Lougheed da Yakov Rekhter suka zayyana a 1989. Aikinta kamar na sanƙira ne. Rauta tana ce wa maƙwabciyarta, "Duk mai neman ɗafa-goshi kaza, ya biyo ta wurina." Maƙwabciyar ta ƙara lambar gidanta a kan labarin, ta miƙa gaba. A haka labari yake zaga duniya cikin 'yan mintoci. Matsalar ita ce an gina ƙa'idar ne a kan amana. In ba an sa mata doka ba, abin da rauta ta ji shi take gaskatawa, abin da ta gaskata kuma shi take faɗa wa na gaba.

Maƙwabta iri uku ne. Akwai dila, wanda kake biya ya kai ka ko'ina a duniya. Akwai kwastoma, wanda shi yake biyan ka. Akwai kuma takwara, wanda kuke musayar saƙonnin junanku kyauta, galibi a mahaɗa irin ta IXPN da aka kafa a Legas a 2006, wadda daga baya ta buɗe rassa a garuruwa irin su Abuja da Kano. Dokar shela kuwa gajeriya ce. Kwastoma ana faɗa masa duk hanyar da aka sani, domin abin da ya biya ke nan. Dila da takwara kuwa ba a faɗa masu komai sai adireshin gidanka da na kwastomominka. In ka kuskura ka faɗa wa wannan dila hanyar da ka jiyo daga wancan, ka yi shelar cewa titin Bauchi zuwa Kano ta ƙofar gidanku ya bi, sai tireloli su antayo cikin lungun da ko amalanke biyu ba sa iya gilmawa.

Dokar da ke tsaye a bakin ƙofa tana tantance abin da zai fita, ita muka sa wa suna rariya. Na so mu ce mataci, amma yaran suka ce rariya ta fi zama a baki, kuma Bahaushe ya riga ya san tankaɗe da rairaya.

Daren 12 ga Nuwamba, 2018

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tsoro ne na cikin littafi kawai. A daren 12 ga Nuwamba, 2018, da misalin ƙarfe goma agogon Nijeriya, kamfanin MainOne na Legas ya shelanta wa dilansa China Telecom hanyoyin Google sama da 200, waɗanda ya jiyo a matsayin takwara a mahaɗar IXPN. China Telecom ya karɓa ya miƙa gaba, labarin ya bi ta kamfanin TransTelecom na Rasha ya bazu. Mutane a Amurka da wasu ƙasashe suka nemi Google, saƙonninsu suka nufi Sin suka maƙale. Da farko wasu sun yi zargin satar hanya ce da gangan, ganin ƙasashen da abin ya ratsa. Daga baya MainOne ya fito ya bayyana cewa kuskure ne aka samu a tsarin rariyarsa lokacin wani aikin inganta na'urori, kuma an gyara cikin minti 74.

Shekara goma kafin wannan, a ranar 24 ga Fabrairu, 2008, Pakistan Telecom ya so toshe YouTube a cikin ƙasarsa kaɗai, sai hanyar bogin da ya ƙirƙira ta sulale ta fita waje ta hannun dilansa PCCW, YouTube ta ɓace wa yawancin duniya na kimanin awa biyu. A duka biyun, rariya biyu ce ta yage: ta mai faɗa da ta mai saurare.

Kwafi huɗu, ruwaya huɗu

Maigidana yana amfani da wata manhaja ta kyauta mai suna BIRD, wadda ta samo asali a Jami'ar Charles da ke birnin Firag a ƙarshen shekarun 1990, daga baya kuma cibiyar CZ.NIC ta ƙasar Cek ta ɗauki nauyin kula da ita. Mahaɗu da dama a duniya da ita suke aiki. Ana sarrafa ta ne da fayil na rubutu zalla, wanda mutum zai iya karantawa kamar wasiƙa.

Da ya buɗe mini nasa, sai na tarar da maƙwabta huɗu: dila biyu, takwara ɗaya, da kwastoma ɗaya mai lambar gidan kansa. Kowanne da tasa rariyar, kowace layi kusan ashirin, kuma da gani ka san daga uwa ɗaya aka kwafo su. Ya ba ni labarin abin da ya taɓa samun sa. Lokacin da ya ƙulla da takwaran nan, ya ƙara layin da ke hana hanyoyin takwara fita a rariyar dila na farko, aka kira shi a waya, ya manta da ta biyu. Hanyoyi ɗaruruwa suka kwarara zuwa dila na biyu. Allah ya taimake shi wannan dila ya sa iyaka ga adadin da zai karɓa, sai na'urarsa ta katse hulɗar baki ɗaya. Duk lodin ya koma kan layi ɗaya, intanet ta koma tafiyar hawainiya tun daga hantsi har la'asar, a makon da ɗalibai suka cika shagunan kafe suna rajistar jarrabawa. Shago biyu suka bar shi a wannan wata.

Ni ban san BGP ba a lokacin, amma na yi kwas a kan rubutattun waƙoƙin ajami, inda aka koya mana jera kwafe-kwafen waƙa ɗaya a gwada su baiti da baiti. Sai na buga rariyoyin huɗu a takarda, na jera su a kan tabarma, na bi su da jan biro. Na sami saɓani uku. A kwafi ɗaya an tsallake layi guda daga jerin adireshin cikin gida da bai kamata su fita ba. A wani akwai lambar wani maƙwabci da aka rabu da shi tun shekara biyu. A na uku an juya alƙaluma biyu na wata lamba, irin tuntuɓen alƙalamin da magwafi yake yi in ya gaji. Maigida ya daɗe yana kallon takardun, sannan ya ce, "Wallahi shekara uku ina kallon fayil ɗin nan."

Akwai kuma wata illa da ta fi waɗannan zurfi, wadda shi ya nuna mini. Dukkan rariyoyin an gina su ne a kan lissafa abin da aka hana, sannan a ƙarshe a ce sauran duk su wuce. Irin wannan doka kullum a baya take, domin duk sabon abin da bai shiga jerin ba ya sami lasisi ke nan. Abin da ya dace shi ne a juya ta: a lissafa abin da aka yarda ya fita, sauran duk a yi shiru. Wannan ra'ayi har ya shiga ƙa'ida. Takardar RFC 8212 ta shekarar 2017 ta tanadi cewa rautar da ba a rubuta mata doka ba kada ta karɓi komai daga maƙwabcin waje, kada kuma ta faɗa masa komai.

Ƙi-karɓau da so-karɓau

Tambayar da na yi ita ce, me zai hana a rubuta rariya ɗaya a ba ta suna, kowa ya yi amfani da ita? Ya ce ana iya yi, BIRD ta yarda da haka, amma rariya mai suna ba ta karɓar komai daga mai kiran ta, ba ka da halin gaya mata da wa take magana. Nan take na gane: aikatau ƙi-karɓau ce, kamar "zauna". Abin da muke buƙata shi ne so-karɓau, kamar "aiki" ko "kai", wanda za a ba shi karɓau ya yi aiki a kansa. BIRD tana da irin wannan, mun sa masa suna ɗan aike, domin kiran sa ake yi a danƙa masa abu ya je ya dawo da amsa, i ko a'a.

Matakin farko shi ne a ba kowace lamba suna a saman fayil, ta yadda in ta canza wuri ɗaya za a taɓa. Lambobin da ke ƙasa ba na kowa ba ne, an keɓe su ne musamman don misali, kamar yadda muke cewa wane da wance. Na kuma guji haruffa masu ƙugiya a cikin sunayen, na bar su ga layukan sharhi.

```
define GIDANMU = 64496;
define NAMU = [ 192.0.2.0/24, 198.51.100.0/24 ];
define NA_CIKI = [ 10.0.0.0/8+, 172.16.0.0/12+, 192.168.0.0/16+ ];
define KWASTOMA = 1;
define TAKWARA = 2;
define DILA = 3;
```

Alamar tarawa da ke bayan adireshin tana nufin "da duk ƙananan rukunan da ke cikinsa". Waɗannan uku na NA_CIKI su ne adireshin da kowane gida yake amfani da su a cikinsa, ba su da ma'ana a waje.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi burge ni. Rariyar fita ba za ta iya yanke hukunci ba sai ta san daga bakin wa aka ji hanya. Don haka tun a ƙofar shiga ake buga wa kowace hanya shaida, kamar yadda ɗan kamasho yake rubuta lamba a kan buhu a tasha kafin a loda. BGP ta tanadi gurbin wannan shaida tun 1996.

```
function shigo(int daga) -> bool {
  if net ~ NA_CIKI then return false;
  bgp_community.delete([(GIDANMU, *)]);
  bgp_community.add((GIDANMU, daga));
  return true;
}
```

A lura da layi na biyu a ciki. Kafin mu buga tamu shaidar, muna goge duk wata shaida mai ɗauke da lambar gidanmu da hanyar ta zo da ita daga waje. In ba haka ba, wani yana iya rubuta "kwastoma" a kan buhunsa tun daga gida, mu kuma mu ɗauka mu muka rubuta.

Sai ita kanta dokar fita:

```
function fitar(int zuwa) -> bool {
  if (source = RTS_STATIC) && (net ~ NAMU) then return true;
  if (GIDANMU, KWASTOMA) ~ bgp_community then return true;
  if (zuwa = KWASTOMA) && (source = RTS_BGP) then return true;
  return false;
}
```

Ga sharhin da na rubuta wa yaran a gefensa. Layin farko: in adireshinmu ne, kuma mu muka rubuta shi da hannunmu, ya fita. Na biyu: in daga kwastoma aka ji, ya fita. Na uku: in da kwastoma muke magana, a ba shi duk abin da muka jiyo daga maƙwabta. Na huɗu: in ba ɗaya daga cikin waɗannan, shiru. Layi huɗu suka maye gurbin kusan tamanin. Abin lura kuma shi ne babu inda aka ambaci takwara ko dila a ciki. Ba sai an hana su ba, tun da ba a ba su izini ba. Da wannan doka ce take aiki ran da maigida ya ƙulla da takwaransa, da wayar da aka kira shi ba ta jawo masa asara ba, domin babu layin da zai tuna ya ƙara.

Kibiyar da ke gaban sunan ɗan aike, mai nuna irin amsar da zai kawo, sababbin fitowar BIRD ne suke gane ta. Wanda yake da tsohuwa sai ya cire ta.

Mazubi

Saura yadda za a haɗa ɗan aiken da kowane maƙwabci. A nan ma akwai abin da ke hana kwafi, wanda muka kira mazubi, kamar na masu buga bulo: a gyara shi sau ɗaya, duk bulon da ya fito kamarsu ɗaya.

```
template bgp mazubin_dila {
  local as GIDANMU;
  ipv4 {
    import where shigo(DILA);
    export where fitar(DILA);
    export limit 20 action disable;
  };
}

protocol bgp dila_na_daya from mazubin_dila {
  neighbor 203.0.113.1 as 64500;
}
```

Sabon dila yanzu layi uku ne: sunansa, adireshinsa da lambarsa. Takwara da kwastoma kowa da nasa mazubin.

A kan kwastoma sai an ƙara hattara, kuma a nan ne na yi nawa kuskuren. Da na fahimci tsarin, sai na rubuta mazubin kwastoma da kaina cikin zumuɗi, na sa shigo(KWASTOMA) kawai. Maigida ya duba ya ce, "To, in kwastoman nan ya yi irin ta 2018 fa?" Gaskiyarsa. Duk abin da aka buga wa shaidar kwastoma, layi na biyu zai fitar da shi ga kowa. Ke nan in ya kwararo mana hanyoyin da ba nasa ba, mu ne za mu zama China Telecom ɗinsa. Maganin shi ne a rubuta wani ɗan aike mai karɓar jerin adireshin da aka san na kwastoman ne, ya ƙi duk abin da ba ya ciki, sannan ya kira shigo. Ɗan aike yana iya aiken ɗan aike. Dokar ɗaya ce ga duk kwastomomi, jerin ne kaɗai yake bambanta. Manyan kamfanoni ba da hannu suke rubuta irin wannan jeri ba, daga rumbunan rajistar hanyoyi suke ciro shi, suna kuma haɗawa da tsarin RPKI mai tabbatar da wane gida ne yake da izinin shelanta wane ɗafa-goshi. A 2022 ma an fitar da RFC 9234, wadda ta sa maƙwabta biyu su bayyana matsayinsu ga juna tun a gaisuwar farko, ta yadda ita kanta ƙa'idar za ta gane hanyar da ta ɓata.

Inda gizo ke saƙa

Ba zan ɓoye wa 'yan uwana ɗalibai ba, rubutu sau ɗaya yana da nasa haɗarin. Lokacin da kwafi huɗu ne, kuskure ɗaya maƙwabci ɗaya yake shafa. Yanzu kuwa wanda ya taɓa layin ƙarshe na fitar, ya mai da a'a ta koma i, ya buɗe wa kowa ƙofa a lokaci guda, kuma teburin hanyoyin duniya ya haura 900,000. Babban yaron shagon ya kafe a kan wannan, yana cewa gara a bar kowa da tasa. Ni dai ina ganin layi huɗu da idanu takwas suke karantawa sun fi layi tamanin da ba mai karantawa, amma hujjarsa ba ta banza ba ce, kuma ita ta sa muka ƙara layin iyaka da ke cikin mazubin. In hanyoyin da ke fita zuwa dila suka wuce 20, BIRD ta rufe wannan hulɗa da kanta. Gara mu katse kanmu da a katse mu.

Sannan maigida ya kafa ƙa'idar da na rubuta da manyan baƙaƙe aka manna a bango. Bayan kowane gyara, a fara da birdc configure check, wanda yake duba nahawun fayil ɗin ba tare da ya aiwatar da komai ba. Sai dai nahawu kaɗai yake dubawa. Jimla tana iya zama daidai a ginin jimla ta kasance ƙarya a ma'ana, mu ɗaliban harshe mun fi kowa sanin haka. Don haka a aiwatar da birdc configure timeout 120, wanda yake mai da tsohon tsari da kansa bayan daƙiƙa 120 in ba a tabbatar ba. A cikin waɗannan mintoci biyu a duba birdc show route export tare da sunan kowane maƙwabci, a ga ainihin abin da ake faɗa masa. In ya yi daidai, sai birdc configure confirm.

Mun sauya tsarin ne wata Lahadi bayan sallar asuba, lokacin da kwastomomi suke barci. Adireshin gidan rukuni biyu ne, na kwastoma ɗaya, don haka uku muke jira mu gani a wurin kowane dila da takwara. Dila na farko ya nuna uku. Takwara uku. Dila na biyu ya nuna biyu. Agogo yana tafiya, saura daƙiƙa hamsin, maigida ya ce kada kowa ya taɓa komai, a bar shi ya koma da kansa. Da muka bincika, ashe ba daga rariyar ba ne. Wutar kwastoman ce ta ɗauke daidai wannan lokaci, rautarsa ta mutu, hanyarsa ta janye kafin mu kai ga dila na biyu. Muka jira mai gadinsu ya ta da janareta, muka sake gwadawa wajen ƙarfe bakwai, uku ta fito a ko'ina.